LISSAFIN HAƊARI: ABIN DA KE TSADANTAR DA INSHORAR GIDA A YANKUNAN BALA'I

Gabatarwa

A watan Mayun 2023, kamfanin State Farm, wanda ya fi kowane kamfani yawan gidajen da yake yi wa inshora a Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, ya ba da sanarwar cewa ya daina karɓar sababbin masu neman inshorar gida a jihar. Dalilan da ya bayar su ne yawaitar bala'o'i, da tsadar gini, da kuma tsadar inshorar da shi kansa yake saye. Ba kasafai ɗan kasuwa yake korar mai saye ba. Domin a gane abin da ya jawo haka, sai an fara sanin lissafin da inshora ta ginu a kansa.

Yadda Inshora Take Aiki

Inshora dabara ce ta raba asara tsakanin mutane masu yawa. A ƙaddara akwai gari mai gidaje 1,000, kowane gida kuma darajarsa Dala 200,000. Idan bincike ya nuna cewa gida biyu ne suke ƙonewa a shekara, asarar shekara ta zama Dala 400,000. In aka raba wannan kuɗi ga masu gidajen, kowa zai biya Dala 400, ban da kuɗin gudanarwa da ribar kamfani. Wanda gobara ta afka wa sai a biya shi diyya daga abin da aka tara.

Wannan tsari yana tafiya daidai ne muddin asarar wani ba ta da alaƙa da ta wani. Wutar da ta tashi daga kicin ɗin wani gida ba ta cin gidan da ke ƙarshen gari. Bala'i kuwa ba haka yake ba. Idan mahaukaciyar guguwa ta rushe gidaje 300 a dare ɗaya, diyyar za ta kai Dala miliyan 60, wato abin da garin zai tara cikin shekara 150.

Darasin Guguwar Andrew

Irin wannan ne ya faru a watan Agustan 1992, lokacin da guguwar Andrew ta afka wa kudancin Jihar Fulorida. Diyyar da aka biya ta haura Dala biliyan 15, kuma kamfanonin inshora da dama suka karye. Daga nan ne kamfanoni suka ƙara dogaro da na'urar kwamfuta wajen kwaikwayon dubban guguwowi, domin su kimanta asarar da za ta iya aukuwa a kowace unguwa. Haka kuma suka ƙara sayen kariya daga manyan kamfanoni irin su Munich Re da Swiss Re, waɗanda sana'arsu ita ce yi wa kamfanonin inshora inshora. Duk lokacin da waɗannan suka ƙara farashi, ƙarin yakan gangaro har kan mai gida.

Abubuwan da Ke Ƙara Farashi

Na farko shi ne yawan jama'a a wuraren haɗari. Mutanen Fulorida ba su kai miliyan 13 ba a 1990, amma a 2020 sun wuce miliyan 21, kuma da yawansu a kusa da teku suke. A Kalifoniya ma gidaje sun kutsa cikin daji. Gobarar da ta cinye garin Paradise a watan Nuwamban 2018 ta hallaka mutum 85, ta ƙone gine-gine fiye da 18,000.

Na biyu shi ne tsadar kayan gini da ladan ma'aikata, domin diyya tana bin kuɗin sake gina gida ne a farashin yau.

Na uku shi ne ɗumamar yanayi. Mahaukaciyar guguwa tana samun ƙarfinta daga ruwan teku mai ɗumin da ya kai kimanin digiri 26 a ma'aunin Salshiyas. Bugu da ƙari, duk ƙarin digiri ɗaya na zafi yana ba iska damar ɗaukar ƙarin tururin ruwa kimanin kashi 7 cikin 100, abin da ke ƙara ƙarfin ruwan sama. A lokacin fari kuma, zafi yana busar da ciyayi da itatuwa su zama makamashi.

Ambaliyar Shekara Ɗari

Akwai wata magana da ke ruɗa mutane, wato "ambaliyar shekara ɗari". Wasu suna zaton in ta auku bana, an huta sai bayan shekara ɗari. Ma'anarta ita ce a kowace shekara yiwuwar aukuwarta kashi 1 ce cikin 100. Yiwuwar a tsira a shekara guda ita ce 0.99. In aka ninka 0.99 da kanta sau 30, za a sami kimanin 0.74. Ke nan, wanda ya ci bashin banki na shekara 30 ya sayi gida a irin wannan wuri, yiwuwar ya ga ambaliyar kafin ya gama biya ta kai kashi 26 cikin 100, wato fiye da ɗaya cikin huɗu.

Idan Kamfanoni Suka Janye

A Amurka banki ba ya ba da rancen sayen gida sai da inshora. Saboda haka in inshora ta gagara, sayar da gida ma yakan yi wuya. Wannan ya sa hukumomi suka shiga tsakani. A 1968 gwamnatin tarayya ta kafa shirin inshorar ambaliya, amma bashi ya yi masa katutu har majalisa ta yafe masa Dala biliyan 16 a 2017. Fulorida ta kafa hukumar Citizens a 2002 domin waɗanda kamfanoni suka ƙi, kuma a 2023 masu inshora da ita sun kai kimanin miliyan 1.4, kafin adadin ya ragu. Bayan gobarar Los Anjalis ta Janairun 2025, shirin FAIR na Kalifoniya sai da ya karɓi Dala biliyan 1 daga kamfanonin jihar domin ya iya biyan diyya.

A nan masana suke da saɓani. In aka danne farashi, an ɓoye wa mutane gaskiyar haɗarin, za su ci gaba da gini a bakin ruwa, wasu kuma su ɗauki nauyinsu. In aka bar farashi ya tashi, talaka da tsohon da ya gaji gidansa su ne za su fara rasa kariya.

Kammalawa

Kuɗin inshora ma'auni ne na haɗari. Hanyar da ta fi tabbas wajen rage shi ita ce rage asarar kanta: ƙarfafa rufi da tagogi kamar yadda dokar gini ta Fulorida ta tanada tun 2002, share ciyayi daga jikin gida, da hana gini a hanyar ruwa. Lissafin kuma bai tsaya a Amurka ba. Ruwan madatsar Alau ya mamaye Maiduguri a 1994, ya sake mamaye ta a watan Satumban 2024. Inda mafi yawan gidaje ba su da inshora, mai gida ne yake ɗaukar asarar shi kaɗai.

Tambayoyi

1. Me ya bambanta gobarar gida ɗaya da bala'in guguwa ta fuskar inshora?
2. Idan yiwuwar ambaliya a wata unguwa kashi 5 ce cikin 100 a shekara, mece ce yiwuwar aukuwarta aƙalla sau ɗaya cikin shekara 10?
3. A tattauna a aji: wa ya kamata ya ɗauki nauyin asarar wanda ya yi gini a hanyar ruwa?