Raɗaɗin turaren bayan aski ba shaidar inganci ba ne

'Yan uwa maza, musamman Alhazanmu na Treichville a Abijan da ke zuwa shagona da kwalbarsu a aljihun riga, ga wata magana daga bakin mai aski.

Turaren bayan aski na asali abu ne mai daɗi, ban musa ba. Floïd na Sifaniya tun 1932 ake yin sa, Proraso na Italiya tun 1948, kuma duk wanda ya taɓa shafa na gaske ya san wannan sanyin mai ratsa fuska. Sai dai da yawa daga cikinku raɗaɗin kuke saya. Mutum ya shafa, ya runtse ido, ya ce "Madalla, yana aiki!" Alhaji, alkol ne kawai ya taɓa wurin da reza ta kankare.

Ƙurajen gemu kuwa ba ruwansu da tsadar kwalba. Gashinmu murɗaɗɗe ne. In aka aske shi ƙal har ƙasan fata, wajen tsirowa sai ya lanƙwashe ya koma ya soki fatar, wurin ya kumbura. Ka zuba alkol a kai, fata ta bushe ta ƙara fusata, ga gumin Abijan ba ya barin wuya ya huta. Maganin yana hannun mai aski: a jiƙa gemu da ruwan ɗumi, a bi inda gashi ya kwanta, kada a maimaita wuri ɗaya. Mai yawan ƙuraje ya haƙura da reza, a rage masa da inji.

Abin da ya fi damuna shi ne masu zaton turaren zai kare su daga cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7. Don haka ko a ina za a yi maka aski, a ɓare sabuwar reza a gabanka.

Kwalbar da aka miƙo maka a bakin titi a Adjamé da rabin kuɗi, Allah kaɗai ya san abin da aka ɗura. Turaren Bint el Sudan kuma, da wasu ke dangwalawa a kan yanka, na riga ne da hula. In fata na zafi, ruwan sanyi da ɗan man kaɗanya sun wadatar. Turaren mai tsada a bar shi sai ta lafa, a fara gwada ɗigo a bayan kunne.