Ka ɓoye dodon a bayan shafi

Yawancin matasan da ke gwada zana labarin ban tsoro irin na manga, wato labarin zane na Japan, wuri ɗaya suke tuntuɓe: tun a shafin farko sun fito da dodo da haƙora da jini. Mai karatu ya gan shi, ya gama da shi, saura shafi bakwai babu abin da zai riƙe shi. Idan kana Mubi da biro baƙi da takarda, ga yadda za ka ɓullo wa abin.

Fara da koyi da mai zana manga Junji Ito, wanda aka haifa a 1963, ya kuma fito da labarinsa Tomie a 1987 yana aikin haɗa haƙoran roba. A gajeren labarinsa na dutsen Amigara, girgizar ƙasa ce ta tsaga dutse, sai ga ramuka masu siffar mutane, kowa ya hango wanda ya yi daidai da jikinsa, zuciyarsa ta ƙi barinsa har sai ya shiga. Babu mai bin kowa da gudu. Mutum ne da ƙafarsa yake tafiya wurin halakarsa, mai karatu na kallo, ba shi da ikon cewa tsaya.

To kai ma ka ɗauki abin da kowa ya saba gani, ka karkata shi kaɗan. Ba sai ka aro makarantar Tokiyo ba. Ga kasuwar shanu ta Mubi bayan an watse, ga bakin kogin Yedzaram da rani, ga duwatsun Mandara ta wajen iyakar Kamaru. A ce makiyayi ya ƙirga garkensa da magariba ya tarar da ƙarin saniya ɗaya. Washegari biyu. Kuma duk sababbin ba sa kiwo, shi kawai suke kallo. Wannan ya isa shafi takwas, kuma kada ka bayyana daga ina suke. Bayani ne ke kashe irin wannan labari. Da zarar boka ya shigo ya ce aikin wane ne, ka koma fim ɗin da kowa ya san ƙarshensa.

Babban makaminka juya shafi ne. Daga dama zuwa hagu ake karanta manga, kamar ajami, don haka akwatin zane na ƙarshe kafin a juya yana ƙasan shafin hagu. A nan za ka sa fuskar makiyayin ya waiwaya, ido a buɗe, ba tare da an ga abin da ya gani ba. Mai karatu da hannunsa zai buɗe, sai ka ba abin cikakken shafi guda. Kafin nan ka rage gudu: ƙananan akwatuna uku ko huɗu babu magana, ƙafa a cikin yashi, igiya a ƙasa, kunnen saniya. Idan ta WhatsApp za ka raba, kowane hoto shafi ne, saboda haka kada abin tsoron ya zauna hoto ɗaya da abin da ya gabace shi.

Ka cika baƙi da tawada sosai, domin inuwar fensir ɓacewa take idan an kai shagon fotokwafi.

Abu ɗaya nake roƙonka ka bari. Mubi ta ga tsoro na gaske a Oktoban 2014 da Boko Haram suka shiga garin, kuma waɗanda suka tsere a ƙafa zuwa duwatsu su ne za su karanta aikinka. Kada ka mai da wannan kayan nishaɗi, kada kuma ka liƙa wa wata ƙabila ko wata tsohuwar unguwarku maita. Zargin maita ya sha jawo wa bayin Allah duka har da kisa.

In ka gama, miƙa wa ƙanenka ba tare da ka ce masa komai ba, ka zuba wa hannunsa ido. Shafin da ya juya da sauri ba tare da ya ɗan dakata ba, shi za ka sake zanawa.