Tsohuwar Golf ɗina da Ɓarayin Mota

Tambaya: Malam, ina da Golf GTI ƙirar 1992. Makullinta ya sake, har mabuɗin wata motar yana buɗe ƙofarta. Tana kwana a waje. Yaya zan yi? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Ɗan'uwa, damuwarka tana kan hanya. Sai a 1998 Jamus ta wajabta wa sababbin motoci na'urar da ke hana inji tashi idan ba mabuɗinsa na asali aka sa ba. Taka ta riga wannan doka, don haka ɓarawo yana iya haɗa waya ya tayar da ita. Kuma irinta ba don hawa kaɗai ake sacewa ba, farfasa ta ake yi a sayar da kayanta.

Fara canza makullan ƙofa da na tayarwa. Sannan ka sa mai gyaran wayar mota, wanda ka amince da shi, ya ɓoye maka maɓallin da zai yanke wutar famfon mai. Kada ya sa shi ƙarƙashin sitiyari, nan ɓarawo ke fara lalube. Ƙara da ƙarfen kulle sitiyari da na'urar bin sawu. Jiniya kuwa, mutane sun saba da kukanta.

Kada ka bar takardun mota a ciki, kuma ka adana lambar shasi a gida. Allah ya tsare.