Cututtuka Masu Fakon Rauni: Rigakafinsu ga Masu Ɗauke da Ƙwayar HIV

A watan Yuni na shekarar 1981, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wasu samari biyar a birnin Los Anjalis da suka kamu da wani irin ciwon huhu. Abin da ya ɗaure wa likitoci kai shi ne, ƙwayar da ta haddasa ciwon, wato Nimosistis, kusan kowa yakan shaƙe ta tun yana yaro ba tare da ta yi masa lahani ba. To, me ya sa ta kayar da samari majiya ƙarfi? Bin diddigin irin wannan tambaya ne ya kai ga gano ƙwayar HIV a Faransa cikin 1983.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba kasafai HIV take kisa da kanta ba. Aikinta shi ne tsaga bangon. Takan lalata wasu ƙwayoyin farin jini da ake kira CD4, waɗanda su ne ke tsara wa sauran dakarun jiki yaƙi. Lafiyayyen mutum yana da tsakanin 500 zuwa 1,500 a kowace maikurolita ta jini. Idan adadin ya faɗi ƙasa da 200, sai cututtukan da a da ba su isa su ɗaga kai ba su fara yi wa jiki dirar mikiya. Su ne muke kira cututtuka masu fakon rauni.

Babban rigakafinsu shi ne gyaran bangon, wato shan magungunan danne HIV kullum ba fashi. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ɗora duk wanda aka samu da ƙwayar a kan magani, komai yawan CD4 ɗinsa. Sai dai kuma mutane da yawa ba sa zuwa asibiti sai jiki ya riga ya yi laushi, ga shi garkuwa ba ta farfaɗowa dare ɗaya, takan ɗauki watanni. A wannan tsakanin ne ake yawan rasa rayuka.

Tarin fuka shi ne kan gaba wajen kashe masu HIV. Ƙwayarsa takan kwanta luf cikin jiki shekara da shekaru, sai garkuwa ta raunana ta farka. Saboda haka a kowane zuwa asibiti akan yi tambayoyi huɗu: akwai tari? Zazzaɓi fa? Rama? Zufar dare? Idan an tabbatar babu cutar a fili, sai a ba da maganin aisonayazid kullum har wata shida, ko kuma a haɗa shi da rifafentin a sha sau ɗaya a mako har mako goma sha biyu. Tabbatarwar nan wajibi ce, domin maganin rigakafi bai isa ya warkar da tarin da ya riga ya tashi ba.

Amma maganin da ya fi ba ni sha'awa shi ne Septrin, wanda kowa ya sani a kantunan magani, ga shi da araha. A 1999 aka buga sakamakon bincike biyu da aka gudanar a Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa. Ɗaya daga cikinsu ya nuna cewa shan Septrin kullum ya rage mace-mace da kusan rabi a tsakanin masu HIV da ke fama da tarin fuka. A 2004 wani binciken a Zambiya ya sami makamancin wannan sakamako ga yara. Ƙwaya guda a rana tana tare Nimosistis, da wata ƙwayar cuta mai kumbura ƙwaƙwalwa da ake kira Tokzofilazma, da wasu nau'o'in gudawa, har ma tana rage zazzaɓin cizon sauro. A ganina, da wuya a sami magani mai irin wannan farashi da ya ceci rayuka haka. Duk da haka ba abin saye a sha da ka ba ne. Wasu jikinsu ba ya karɓarsa, kuma wanda ya ga ƙuraje sun feso masa, musamman a baki ko idanu, ya dakatar nan take ya nufi asibiti.

Akwai kuma wani sanƙarau dabam da wanda muka saba gani lokacin zafi. Wata funfuna ce mai suna Kiriftokokus ke kawo shi, wadda ke zaune cikin ƙasa da kashin tattabaru, ana shaƙar ta da ƙura. Kada mai karatu ya yi saurin rushe ɗakin tattabarunsa, domin funfunar tana ko'ina. Iyaka dai mai raunin garkuwa ya bar wa wani sharar ɗakin. Kariyar gaskiya ita ce gwajin jini ga wanda CD4 ɗinsa ta gaza 100, domin alamar funfunar takan bayyana a jini makonni kafin ciwon kai ya soma. Idan an gan ta, kuma ba ta kai ga ƙwaƙwalwa ba, sai a ba da fulukonazol.

Saura abin da ke hannun iyali. Ƙwayar Kiriftosforidiyom mai sa gudawa ba ta jin sinadarin kulorin, amma ba ta jure tafasa, don haka a tafasa ruwan sha ko da na famfo ne. Nama ya dahu sarai, tsire ya gasu har ciki, madarar shanu kuma a dafa ta kafin a sha.