Kwana a Bakin Tekun Gana da Kuɗi Kaɗan, da Inda Za Ka Ci Abinci

Wanda ya tashi a Kano ko Damagaram, in ya sauka Akra, abu na farko da ransa yake biyawa shi ne ya ga teku da idonsa. Sai a kai shi Labadi, ya hangi manyan otal-otal da ke jere a gaɓar, ya tambayi kuɗin kwana ɗaya, gwiwarsa ta yi sanyi. Kada wannan ya hana ka. Teku ba na masu kuɗi kaɗai ba ne, sai dai ka ɗan matsa daga tsakiyar birni.

Ka nufi tashar Kaneshie, ka hau ƙaramar bas ɗin da suke kira trotro, ka yi yamma. Kimanin kilomita 30 za ka iso Kokrobite, ƙauyen masunta mai ƙananan masaukai. In kana da lokaci, ka zarce Cape Coast, kimanin kilomita 150 daga Akra, inda Elmina take kusa da kai, da gidan yarinta na bayi wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482. Gaba kuma, bayan Takoradi, akwai Busua, wadda rairayinta ya fi na kusa da birni tsabta nesa ba kusa ba. Lokacin zuwa ma yana rage kuɗi. Tun bikin komawa gida da Gana ta shirya wa baƙaƙen fata mazauna ƙetare a 2019, watan Disamba ya zama na cinkoson baƙi daga Amurka da Ingila, farashin ɗaki kuma sai ya haura. A watannin damina, musamman Mayu da Yuni, ɗakuna kan zauna babu kowa, mai masauki zai saurare ka in ka ce a rage, musamman in kwana uku ko huɗu za ka yi.

Kada ka biya kafin ka ga ɗakin. Hoton intanet ba ya nuna wari. Iskar teku tana ɗauke da gishiri da laima, tana cin ƙarfe, tana sa bango da katifa su yi fumfuna. Ka ɗaga zanen gadon ka shinshina, ka buɗe famfo ka ga ko ruwa na zuwa, ka duba ragar taga ko ta yage, domin sauron gaɓar teku ba ya wasa. Ni dai na fi son ɗaki mai fanka da tagogi biyu masu kallon juna a kan mai na'urar sanyaya ɗaki da tsatsa ta cinye: ya fi araha, kuma in aka ɗauke wuta iska ba za ta yanke maka ba. Ka tambaya ko suna da janareto, da ƙarfe nawa suke kashe shi.

Akwai tambayar da mutane ke mantawa, kuma ita ce ke hana barci: ina wurin kiɗa yake? A Kokrobite, daren Juma'a da Asabar na masu kaɗe-kaɗe ne har tsakar dare ta wuce, ga mashaya a cikin yawancin masaukan. Mai iyali, ko mai son tashi asuba cikin natsuwa, ya zaɓi ɗakin da ke can baya ko ya zo tsakiyar mako. Ka riƙe buta da darduma a jakarka, ba kowane masauki ne ya san da su ba.

Maganar ruwa kuwa, ina roƙonka ka ɗauke ta da muhimmanci. Tekun nan ba kogi ba ne, ba kududdufin unguwa ba ne. Igiyarsa tana jan mutum ta ƙasa ta yi ciki da shi, ko da ya iya iyo. Ka tambayi masunta inda ake shiga, ka tsaya iya gwiwa, yara kuma hannunsu a hannunka. Kada ka bi gaɓar da babu mutane da waya a hannu bayan magariba.

Yanzu abinci, inda kuɗin mutum ke zurarewa bai sani ba. Ɗakin cin abincin otal an yi shi ne don baƙi, farashinsa ma haka. Baƙin da suka daɗe a Akra, Turawa da 'yan Afirka duka, in ka tambaye su abin da za su yi kewa ranar da suka tafi, sau da yawa za ka ji an ce waakye. Ni ma shi ne gwanina. Shinkafa da wake ne, amma ana dafa su da karan dafi da 'yar kanwa har su yi ja. Mai sayarwa, wadda sau da yawa Hajiya ce 'yar zango, tana zaune bayan babbar roba lulluɓe da zane. Ta shimfiɗa ganye a tafin hannu, ta zuba shinkafar tana tururi, ta ɗora taliya, ta barbaɗa garin rogo da aka murza da mai, ta sa dafaffen ƙwai da ganda ko soyayyen kifi, sannan ta zuba miya da baƙin yajin nan nasu, shito. Ka ce ta sa shito kaɗan a karon farko. Abincin safe ne. Mai kyau kafin azahar ya ƙare, don haka ka bi inda layi ya fi tsawo. A unguwannin Nima da Mamobi da Madina na Akra ba ka buƙatar tafinta. Ka ce "Hajiya, ina kwana," ciniki ya faɗa, ga koko da ƙosai a gefe kamar kana gida. Daga Nima kuma babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, ba nisa.

A bakin teku, kifi ne mafita. Da safe ka tsaya inda ake jawo koma, ka sayi wanda ya fito yanzu, a gasa maka, ka ci da dokunu ko banku da ɗanyen barkono. Sai dai ka sani, masunta Ga da Fante ba sa fita kamun kifi ranar Talata, al'adarsu ce ta kaka da kakanni. A gidajen abinci na gargajiya ka tambayi naman da ke cikin miya kafin a zuba, domin ana sa naman daji da ƙafar alade, domedo ɗin da ake gasawa a gefen titi ma alade ne. Ruwan sha ka sayi na leda ko na gora.

Ɗan Najeriya da sauran 'yan ƙasashen ECOWAS ba sa buƙatar biza, amma ka riƙe katin rigakafin shawara, ana tambayarsa a kan iyaka. Ka canza kuɗinka zuwa sidi tun a Akra, ka nemi ƙananan takardu, domin a ƙauyukan gaɓa samun canji sai an sha wuya.