Yadda ake riƙe iri ɗaya a wasan Whot

Daga Daura har Mai'adua, Sandamu, Zango da Baure, da wuya ka rasa majalisar samarin da ba ta da ƙunshin kartar Whot a aljihun wani. Da la'asar sakaliya a baje tabarma gindin dogonyaro, a raba. Wani Bature mai suna William Storey ya ƙirƙiro ta a Ingila, ta fito kasuwa a 1935, amma a Najeriya ta samu gindin zama. Mutane da yawa suna cewa cin wasan sa'a ce kawai. Ni ban yarda ba, domin wanda ya iya ƙirga yakan ci wanda bai iya ba, musamman idan hannunsa ya cika da iri ɗaya.

Kafin a raba, a daidaita kan doka, don kowace majalisa da nata tsarin. Abin da aka fi sani shi ne: 1 da 8 suna tsayar da na gaba, 2 ya sa shi ɗaukar biyu, 5 ɗaukar uku, 14 ya tura kowa kasuwa, wato ɗaukar karta daga ragowar da ba a raba ba, 20 kuma, wato Whot, mai ita ya kira irin da yake so. A nan ne kuma ya kamata a faɗa da babbar murya cewa ba kuɗi a tabarma. Da an ajiye ko naira hamsin, wasa ya zama caca, addini ya haramta, kuma Jihar Katsina tana ƙarƙashin shari'ar Musulunci tun shekarar 2000. Abokai nawa suka daina gaisawa saboda canjin da bai kai kuɗin shayi ba? Daɗin wasan yana cikin lissafinsa, kuma lissafin ba ya bukatar ko sisi.

Sai ka san abin da ke cikin ƙunshin, wanda nan ne yawancin 'yan wasa suke sakaci. Karta 54 ce. Ƙwallo 12, dala 12, kuros 9, kafet 9, tauraro 7, sai Whot guda 5. Babu 6, babu 9. Lambobin 1, 2, 3, 5 da 7 suna cikin kowane iri. Su 4 da 8 kuwa ƙwallo, dala da tauraro kaɗai ke da su, 12 kuma ƙwallo da dala ne kawai. Wanda ya haddace wannan ya gama rabin aiki.

To, a ce ku biyu ne. A hannunka akwai dala 3, 7, 8 da 12, da kuros 10, da Whot ɗaya, a ƙasa kuma kuros 5. Kada ka yi garajen jefa Whot. Fara rabuwa da baren da ke cikinsu, wato kuros 10, hannunka ya zama gida ɗaya. Idan abokin wasanka ya sako kuros 7 ko 3, shi ke nan, ka juya wasa zuwa dala ba tare da ka kashe komai ba. Idan kuma ya sako kuros 13, an zo wurin shawara: ka je kasuwa, ko ka saki Whot?

Dubi hannunsa tukuna. In yana riƙe da shida ko bakwai, ba gaggawa, je ka kasuwa ka ɓoye makaminka. In saura uku gare shi, ƙirga. Dala 12 ce, huɗu suna wurinka, ka ga biyar sun faɗi, saura uku a waje. Goma ne a ƙasa, biyar a hannunka, ke nan 39 ne ba ka gani ba. Uku cikin 39, ɗaya cikin 13 ke nan, kuma mai karta uku kusan sau huɗu cikin biyar ba zai samu ko dala ɗaya ba. Saki Whot, ka ce dala. In ma ka tuna ɗazu ya je kasuwa a kan dala, to ya riga ya faɗa maka sirrinsa da hannunsa. Irin wannan ƙirgan ne masu wasan poka suke yi a intanet: karta 52, kowane iri 13, mai huɗu na iri ɗaya yana jiran na biyar, tara ne za su fisshe shi cikin 47 da bai gani ba, kusan ɗaya cikin biyar a karta ta gaba. Su dai kuɗi suke zubawa, mai shafin kuma yana yankar kasonsa.

Jerin da za ka sake su ma yana da muhimmanci. Fara da 7, tunda kowane iri yana da ita, in aka karkatar da wasa kana da sauran hanyoyin dawowa. Sannan 12, wadda ba abin da zai kauce mata sai ƙwallo 12 ko Whot. Daga nan ka ɗora 8 ka tsayar da shi, ka ce las kad, wato saura ɗaya, da ƙarfi kowa ya ji, don mantuwa tana jawo tara, ka ajiye 3, ka ce cek.

Tauraro ya fi kowane iri kulle wasa. Bakwai ne kacal, in kana da uku, biyu sun faɗi, kiransa zai sa kowa zarya zuwa kasuwa. Sai dai yana da tsada. Idan kasuwa ta ƙare ba wanda ya fita, ana ƙirga lambobin da suka rage a hannu, mai mafi ƙanƙanta ya ci, tauraro kuma ninki biyu ake lissafa shi: 8 ta zama 16, 7 ta zama 14, Whot tana nan a 20. Saboda haka ka riƙa satar kallon kasuwa. Da ka ga saura biyar ko shida, bar maganar riƙe iri, ka sauke Whot da manyan taurari tun da sauran zagaye.