Yadda Ake Bin Sawun Kakannin da Suka Tafi Gabas

Gabatarwa

A gidaje da dama na ƙasar Gumel, tun daga Gagarawa da Sule Tankarkar har Maigatari, akan ji tsofaffi suna ambaton wani ɗan'uwa da ya "tafi Gabas" bai dawo ba. Wannan darasi zai nuna yadda ɗalibi zai bi sawun irin wannan kaka ta hanyar tattara hujja da auna ta, kamar yadda ake yi a kowane fanni na kimiyya.

Dalilan Tafiyar

Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira da ɗimbin jama'a, aka kashe shi a yaƙin Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya har Sudan, wadda ita ma tana ƙarƙashin Ingila da Masar, ya kafa garin da ake kira Mai Wurno a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar. Daga baya mahajjata suka riƙa bin hanyar Maiduguri da Abeshe da Aljinaina da Al'ubayyid da ƙafa ko a kan jakuna, suna yada zango su yi aiki don neman guzuri. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, da yawa sun sami aikin ƙodago suka zauna can. Cikin ayarin akwai yara ƙanana da almajirai da suka bi malamansu, kuma su ne suka fi wuyar ganowa, domin sau da yawa sunan shugaban tafiya kaɗai ake tunawa.

Mataki na Ɗaya: Bakin Tsofaffi

Mai bincike zai fara da gida. Ya tambayi tsofaffi uku ko huɗu, kowa shi kaɗai, ya rubuta sunan yanka da laƙabi da sunan uba da sana'a da wanda aka tafi tare da shi. Abin da bakinsu ya zo ɗaya a kai ya fi ƙarfi a matsayin hujja. Tsofaffi ba safai suke riƙe shekarar Miladiyya ba, amma suna riƙe abin da ya faru. In an ce ya tafi a yunwar Kakalaba, to ana nufin wajejen 1914. In an ce lokacin da dogo ya ratsa Gagarawa ne, to an san cewa layin ya isa Nguru a 1930.

Mataki na Biyu: Takardu

Sai a duba tsofaffin wasiƙun ajami da ke cikin gafaka ko tsakanin shafukan littattafai, domin masu dawowa daga Makka sukan zo da saƙo. Bayan haka sai Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa, duka a Kaduna. A nan akwai abin lura biyu. Na farko, a 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, saboda haka takardun Gumel na zamanin Turawa suna ƙarƙashin Lardin Kano. Na biyu, suna yakan canza a baƙuwar ƙasa. A Sudan ana kiran mutanen yammacin Afirka Fallata ko Takari, kuma Bamange daga Gumel zai iya shiga takarda a matsayin Barnawi, wani kuma Hausawi. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya ƙara wa wannan aiki wuya, amma Jami'ar Durham ta Ingila tana da ma'ajiyar takardun Sudan na zamanin mulkin mallaka.

Mataki na Uku: Ƙwayoyin Halitta

Akwai wani sashe na ƙwayar halitta, mai suna Y, da namiji yake gada daga mahaifinsa kusan ba canji. Idan wani a Maigatari da wani a Sinnar suna zaton kakansu na wajen uba ɗaya ne, gwaji zai iya ƙarfafa zaton ko ya rushe shi. Sai dai gwajin ba ya faɗin sunan kakan, ba ya faɗin garinsu. Yana amsa tambayar da baki da takarda suka riga suka gina ne kawai.

Kammalawa

Gaggawar wannan aiki tana ga mataki na ɗaya. Waɗanda suka yi sallama da matafiyan sun ƙare, saura waɗanda suka ji daga bakinsu, su ma suna ta raguwa. Yana da kyau malami ya sa kowane ɗalibi ya zana bishiyar zuriyarsu har hawa huɗu, ya sa alama a kan duk wanda ya yi ƙaura, sa'annan ya rubuta hujjar kowane suna da kuma wanda ya ba shi ita.